Iya Tela da Igiyoyin Bayan Ƙofarta

Na Allah ne mu, kuma duk inda tafiya ta kai mu, wurinsa za mu tuƙe. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu wadda duk layinmu ke kira Iya Tela, bayan jinyar wata biyu a ɗakinta. Ta rasu tana da shekara saba'in da huɗu. Ta bar 'ya'ya uku da jikoki tara, da wani baƙin keken ɗinki wanda ya girmi babban ɗanta.

Kwana uku kafin wannan rana, 'yata Auta ta haifa mini jika mace. Saboda haka mai karatu ya yi mini uzuri idan ya ga ta'aziyyata tana murmushi a wasu wurare. Yanzun nan aka karɓi jaririyar daga hannun da ke riƙe da alƙalamin nan, har yanzu yana ƙamshin hoda. Murna da rashi sun same ni a mako guda, na kuma rasa yadda zan raba su, domin ba don wadda ta tafi ba, da wuya in ga wadda ta zo.

Iya Tela, ni ne mai gyaran keke da laima, wanda rumfarsa ke kallon tagarki, titi ne kawai tsakaninmu. Ba ki taɓa kirana da wani suna ba sai Maƙwabci. Lokacin da na shiga ajin manya da furfura a gemuna, ke ce kike tsokanata duk sanda kika gan ni da littafi a hammata, kina cewa, "Ɗan makaranta, kar ka makara malam ya zane ka." Ran da na nuna miki takardar kammalawa, kika juya ta sama da ƙasa, kika ce, "To, ka adana hannun nan, wata rana zai yi amfani." Ga amfaninsa yau, ba kuma irin wanda na so ba.

Ta hanyar wayar ƙarfe na fara saninki. Wata safiya, shekara talatin da ɗaya ke nan, kika tsallako titi da wata takarda a hannu, an zana lanƙwasasshen layi a kanta kamar jinjirin wata da ya kwana biyar. Kika ce, "Maƙwabci, cikin karyayyun laimomin nan naka, lanƙwasa mini waya biyu kamar haka. Ka goge bakinsu da magagari har sai ka shafa a leɓenka ba ka ji kaifi ba."

Na ce, "Na mene ne?"

Kika ce, "Na aiki ne."

Daga ranar, ba a mako biyu ba ki kawo sabuwar takarda ba. Wani zanen ƙarami, wani babba, wani mai faɗi, kullum kuma biyu biyu. Ni da kaina na yanke hukunci cewa hannun jakar mata kike yi. Har alfahari nake wa masu kawo faci, ina cewa yawancin jakunkunan matan layin nan ni na yi musu hannu. Shekara goma sha ɗaya ina cikin wannan duhu. Wata rana ina ba uwar yarana labarin a tsakar gida, sai ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta samu numfashi ta jawo bahon wanki, ta zaro rigar mamanta, ta ɗora yatsana a kan bakin ɗinkin, ta ce, "Malam, ga hannun jakarka nan, shekara shida ina yawo da shi a jikina."

Mako guda ban ɗaga kai na dubi tagarki ba. A rana ta takwas sai ga ki tsaye a kaina, ko murmushi ba ki yi ba. Kika ce, "An ce ka gano jakar. To, ba a rage maka aiki ba, ga huɗu, ina so kafin Alhamis."

Tun daga nan na fara fahimtar abin da ake yi a gidanki. A falon gaba kina ɗinkin da kowa ya sani, riguna da kayan makaranta da gyaran wando. Amma aikinki na gaskiya yana ƙuryar ɗaki, inda namiji bai taɓa sa ƙafa ba. A can kike ɗinka kayan ciki na mata, rigar mama da shimi da kamfai. Uwar yarana ta ce kullum maganarki ɗaya ce: na kasuwa an yanka su ne a jikin wata mace da babu wanda ya taɓa gani, sai a bar matan gaskiya suna ta matse kansu a ciki. Matan da igiyar riga ta yi wa rami a kafaɗa, da 'yan matan da ke tafiya a duƙe saboda kunya, da tsofaffin da roba ke ci wa fata, duk ƙuryar nan suke nufa. Ba kya yar da komai. Tsohuwar riga in ta mutu, sai ki farke ta, ki cire maɗauranta da zobban igiyarta, ki zuba a gwangwanin madara.

Kina da doka guda wadda mata suka sha yin gunaguni a kanta. Rigar farko ke za ki ɗinka, mai ita tana kallo. Ta biyu ita za ta ɗinka, kina kallo. Ta uku kuwa ta je gidanta ta yi, ko da allurar hannu ce. Masu sana'a irinki sun ce kina kashe wa kanki kasuwa. Kika ce, "Jikin mace ba ya zama wuri guda, ni ma kuma ba zama na zo yi ba. In na mutu su koma ɗaure ƙirji da ɗankwali?"

Ba ki iya karatu ba, ba ki kuma taɓa amfani da tef ɗin awo a ƙuryar nan ba. Kowace mace kina yago mata dogon ƙyalle siriri daga ragowar yadi, ki zagaya jikinta da shi, ki ƙulla a duk inda awo ya tsaya. Sai ki rataye shi a ƙusa bayan ƙofa. Da launin ƙyallen kike gane mai shi. Da na iya rubutu, zumuɗi ya ɗauke ni na sayo miki littafi mai bango, na ce ki riƙa faɗa mini sunaye da lambobi ina rubuta miki, don kada igiyoyin su rikice. Kika dube ni kamar na zo da maganar banza a gaban manya. Kika ce, "Maƙwabci, takarda ba ta da amana, duk mai ido sai ta ba shi labari. Igiya kuwa ni kaɗai take yi wa magana." Na koma da littafina. A cikinsa nake wannan rubutu.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa ba zan iya yin shiru ba. Na nemi izinin Auta kafin in rubuta shi, ta ce in rubuta duka, kada in rage.

Shekara biyar da suka wuce aka samu Auta da ciwon daji a mama. Tana da shekara ashirin da takwas, shekararta biyu da aure, tana koyar da 'yan aji uku a makarantar firamare. Aka yi mata tiyata aka cire na hagu. Muka dawo da ita gidanmu don jinya. Likitoci suka yi nasu, Allah Ya yi nasa, ciwo ya warke, gashin da magani ya zubar ya fara tsirowa. Amma ƙofar ɗakinta ba ta buɗe ba.

Sau ɗaya ta gwada fita. Uwarta ta sayo mata rigar mama a kasuwa, suka cusa auduga a gefen da babu, suka shiga motar haya za su asibiti. Kafin su isa, audugar ta haura har kusa da wuyanta, saboda ba ta da nauyin da zai riƙe ta. Wata mata a kujerar gefe ta kalla, ta sake kalla, ta taɓa ƙawarta. Auta ta dawo gida ta shiga ɗaki ta sa sakata, ta juya madubi ya fuskanci bango.

Wata takwas muna ajiye abinci a bakin ƙofa. Mijinta, direba ne, mutum mai haƙuri, duk yamma in ya tashi aiki sai ya zo ya zauna a kan tabarma a bakin ƙofar. Ina ji tana ce masa daga ciki, "Don Allah ka sauwaƙe mini ka huta." Shi kuma ya ce, "Na ji. Ga lemo na kawo, in ɓare miki?" Sai ga wasiƙa daga makarantarsu, ni na karanta ta da idona. Sun ce sun yi jira iyakar iyawarsu, idan ba ta dawo ranar da za a koma hutu ba, za su ba wata ajin. Saura mako shida. Na san 'yata. Tun tana ƙarama take jera duwatsu tana koya musu karatu. Na san idan ajin nan ya tafi, babu sauran abin da zai fito da ita.

Uba ba ya iya buɗe baki ya yi irin wannan magana. Abin da na iya kawai shi ne na lanƙwasa waya biyu ba tare da kin aiko ba, na goge su har suna sheƙi, na tsallaka titi na ajiye a kan kekenki. Kika dubi wayoyin, kika dube ni, kika tura su gefe.

Kika ce, "Wannan ba ya son waya. Tabo ba ya shiri da ƙarfe." Sannan kika ce, "Wata takwas, Maƙwabci. Titi ɗaya ne tsakaninmu. Na zaci sai na mutu za ka tsallako."

Na ce, "Kunya ce, Iya."

Kika ce, "Kunyar da ke rufe yarinya a ɗaki ba kunya ba ce. Ni ma ina da nawa laifin, na tsaya jiran a kira ni. Tafi, ina zuwa."

Da la'asar kika shigo gidanmu da ƙullin kaya a hammata. Kika ƙwanƙwasa, Auta ta ce barci take. Kika ce, "Mai barci ba ta amsawa. Ni ce, Auta. Ban zo lallashi ba, awo na zo." Ƙofa ba ta buɗe ba. Kika jawo kujera kika zauna, kika fitar da ɗinkin hannu kika kama yi, kamar a gidanki kike. Kusan awa guda. Daga nan kika matsa bakinki jikin ƙofar kika faɗi wata magana ƙasa ƙasa. Ina tsaye can bakin zaure, ban ji abin da kika ce ba. Na dai ji ƙarar sakata.

Sai bayan shekaru na san abin da ya faru a ɗakin. Ke da kanki kika ce wa 'ya'yanki bayan ranki a faɗa, ko zai amfani wata, kuma babbar 'yarki ta ba ni izini. Kin ce wa Auta, "Buɗe in nuna miki nawa." Da kika shiga, kika kwance rigarki kika nuna mata tabon da ke ƙirjinki, gefen dama, wanda kike ɗauke da shi tun kafin a haife ta. Ni da nake ganin wucewarki safe da yamma shekara da shekaru, kina tafe a miƙe kamar sanda, ko a mafarki ban taɓa zato ba. Ashe ƙuryar ɗakin nan da kanki kika fara ta, a lokacin da babu wanda zai tsallako miki titi.

Yadda aka yi aikin, uwar yarana ce ta ba ni labari. Kin ɗinka rigar da yadi mai laushi, babu waya, kika juya duk ɗinkin ya koma waje don kada ya goga tabon. A gefen hagu kika yi aljihu, a cikin aljihun kika sa wata 'yar jaka mai baki. Kika zo da gwangwani cike da ƙananan duwatsun ado, irin waɗanda ake jerawa a wuyan riga, da wani tsohon cokalin shayi. Sai kika sa Auta ta mayar da rigarta ta sama, ta taka daga ƙofa zuwa taga, ke kina zaune a bayanta. In ta kai taga ki ce, "Dawo." Ki ƙara cokali ɗaya a jakar. Ta sake takawa. Uwarta ta ce, "Iya, ai ta gaba ya kamata ki duba." Kika ce, "Gaba na masu kallo ne. Ni kafaɗa nake dubawa. Jiki ya saba ɗaukar kaya biyu, in an sauke ɗaya sai ya karkata, baya ya kama ciwo. Ran da kafaɗun nan suka daidaita, ita da kanta za ta manta." A cokali na goma sha huɗu kika ce, "Tsaya nan." Uwarta ta ce a lokacin ta ga bayan 'yarta ya dawo irin wanda ta sani, sai ta fita tsakar gida ta yi kukanta.

Amma Auta ba ta fita ba tukuna. Takan sa rigar ta zagaya ɗaki, ta cire. Ta biyu ta ɗinka a gabanki, kina sa ta farkewa tana sakewa. Ta uku, bisa dokarki, ita kaɗai ta yi a ɗakinta da allurar hannu. Da ta zo cika jakar sai ta tarar duwatsun sun ƙare, ga shi ba ta son aika a tambaye ki. Sai ta lallaɓa ta ɗebi geron tantabaruna, cokali goma sha huɗu cif, ta ɗura ta ɗinke bakin. Ya zauna daidai. Bayan kwana biyu ta wanke rigar da jakar a ciki, ta shanya a bayan ƙofa inda rana ba ta kaiwa, don kada kowa ya gani.

A rana ta huɗu ina cikin rumfa na ji wata ƙara daga gidana wadda ta sa na yar da filaya na ruga. Na zaci kuka ne. Na tarar da uwar yarana ta riƙe ciki a bakin ƙofar ɗakin, Auta kuma tana zaune dirshan a ƙasa, hawaye na zuba, tana dariyar da na yi wata tara ban ji ba. Geron ya tsira. Korayen tsirrai sun huda yadin sun leƙo ta ko'ina. Aka aika aka kira ki. Kika ɗaga rigar kika juya ta a hankali kamar mai tayin kaya, kika ce, "Malama, ɗinki na koya miki, ba noma ba. Amma tunda gona ta yi kyau, a bari ta nuna mu ga ko za mu samu na tantabarun Babanki." Auta ta hango ni a tsaye, maimakon ta ɓuya sai ta ce, "Baba, ka yafe mini, na ci amanar tsuntsayenka." Rabon da ta dubi idona tun kafin tiyata.

Ranar da aka koma makaranta ta fito da sassafe da jakarta a kafaɗa. Kina tsaye a tagarki. Kika bi bayanta da kallo har ta sha kwana, sannan kika ɗaga mini kai sau ɗaya. Na hau keke na bi ta daga nesa kamar ɓarawo. Na tsaya bayan katangar makarantar, ta tagar aji na ga yara sun yanyame ta, na ga ta ɗauki alli ta ɗaga hannu har saman allo ta rubuta kwanan wata. A makon nan ta koma ɗakin mijinta.

Bara, bayan likitoci sun ba da izini, Allah Ya ba ta ciki. Murna ta zo da nata tsoron. Auta ta shiga damuwa ko guda ɗaya zai ishi jariri, duk da likita ya ce yana isa. Ke kuwa kika ce, "Uku na shayar da biyu, da na san ɗaya zai yi da ban wahalar da ɗayan ba." Sai ga ki kin tsallako titi, a karo na ƙarshe ashe, da takarda a hannu. Wannan karon ba jinjirin wata ba ne, wata 'yar ƙugiya ce ƙarama. Kika ce rigar shayarwa za a yi, gefe ɗaya aljihu, gefe ɗaya mai buɗewa, kuma dole maɗaurin ya buɗu da hannu ɗaya, domin ɗaya hannun yana riƙe da mutum.

Na ce, "Yau ba za ki ce mini na aiki ba ne?"

Kika ce, "Ai ka girma."

Bakwai na yi kina mayarwa. Kowanne sai ki rungumi ƙullin yadi a hannun hagu kamar jariri, ki gwada ɓalle shi da dama. Wannan ya yi tauri, wannan zai kama zare, wannan zai karci kumatun yaro. Na takwas kika jefa a gwangwanin madara ba ki ce komai ba. Wanda ya san ki ya san wannan shi ne babban yabonki.

Rigar kuwa kika ƙi yankawa. Auta ta yi ta roƙo a gama kafin haihuwa, kika ce ba a yi wa mai shayarwa awo sai ruwan nono ya zo, domin a lokacin ne jiki ke faɗin gaskiyarsa. Sai ciwo ya kwantar da ke. Muna ta lissafin kwanakin Auta, ashe naki ma ana lissafawa.

Ranar Asabar aka haihu lafiya. Ina da jikoki shida kafin wannan, duk ina son su, amma Allah Ya sani ban taɓa rawa a bakin asibiti ba sai ranar, har mai gadi ya tambaya ko lafiya. Ranar Litinin uwar yarana ta je ta kai miki labari. Ta ce kin rame har ba ta so ta dube ki, amma idonki na nan yadda yake. Ba ki tambayi ko mace ce ko namiji ba. Kika ce, "Ta kama?"

Ta ce, "Ta kama, Iya. Tana sha har tana barci a kai."

Kika rufe ido kika yi hamdala. Sannan kika sa 'yarki ta ciro igiyar Auta daga bayan ƙofa, shuɗiya mai ɗigon fari. Da yatsun nan da suka daina riƙe allura kika kwance ƙullin da ke jikinta ɗaya bayan ɗaya, har ta koma miƙaƙƙiya. Kika haɗa da cokalin shayin da ƙugiyata ta takwas, kika ce a kai mata, ta ƙulla da kanta. Uwar yarana ta ce, "Iya, to wa zai duba mata kafaɗa? Kin san idona ya yi rauni." Kika ce, "Ki ce wa Maƙwabci, idon da ke gane karkatar ƙafar keke ba zai kasa gane karkatar kafaɗa ba. Ya daina ɓuya a bayan katanga." Ashe kin san na bi ta ranar. Washegari kika cika.

A kwanakin gaisuwa na ga abin da ban taɓa gani ba. Mata suka yi ta zuwa, wasu daga unguwannin da ban san kin san kowa ba. Kowace in ta gama gaisuwa sai ta nemi izinin shiga ƙurya, ta fito tana cusa wani abu a jaka. Babbar 'yarki ta ce igiya sittin da uku ta ƙirga a bayan ƙofar, ba ta san ta kowa ba, ba ta kuma tambaya ba. Kowace mace ta gane tata. A rana ta uku saura guda ɗaya, tsohuwa, launinta ya koɗe, ƙullinta sun yi baƙi don taɓawa. Ba wadda ta zo nemanta, domin mai ita ta riga ta tafi. 'Yarki ta kawo wa Auta ita.

Jiya da hantsi Auta ta aiko a kira ni daga rumfa. Na tarar ta gama rigar, ita ta yi awo, ita ta yanka, ita ta ɗinka, ta sa ta a ƙarƙashin kayanta. Da yake gefen dama ya ƙara nauyi, tsohon lissafin cokali goma sha huɗu ya tashi. Uwarta na zaune da gwangwani da cokali. Aka miƙa mini jaririyar, aka ajiye mini kujera a bakin ƙofa. Auta ta ce, "Baba, kar ka ji kunya, bayana kawai za ka duba."

Ta taka daga ƙofa zuwa taga. Na rufe ido ɗaya kamar yadda nake yi in na juya ƙafar keke. Kafaɗun ba su daidaita ba, kaɗan ne, amma na gani. Na ce, "A ƙara." Na juya fuska bango aka ƙara. Ta sake takawa, na ce a ƙara. A karo na huɗu ta tashi daga ƙofa ta isa taga, na duba na sake dubawa, na rasa abin gyara. Na buɗe baki in yi magana, sai na ji abin da ya fito kalmominki ne: "Tsaya nan."

Ta tsaya. Jaririyar ta motsa a hannuna ta fara neman abinci. Auta ta karɓe ta da hannun hagu, ta juya mana baya, na ji 'yar ƙarar ƙugiyar nan ta buɗu da hannu ɗaya. Na tashi na fito. A bayan ƙofar na ga igiya biyu a rataye a ƙusa, shuɗiya mai sabon ƙulli, da tsohuwar taki, kuma na lura ƙusar doguwa ce, da sauran wuri.

Iya Tela, na gode. Uwar yarana ta gode, surukina ya gode, yara arba'in na aji uku sun gode ba tare da sun sani ba. Wannan da ke barci yanzu a cinyar uwarta, in ta yi wayo, da bakina zan gaya mata wadda ta buɗe ƙofar.

Ya Allah, baiwarka ta zo gare Ka. Ta suturta bayinka a inda ido ba ya gani, ba ta kuma taɓa tona asirin kowa ba, Ka suturta ta da rahamarka, Ka rufa mata asiri ranar da asirai ke tonuwa. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata makwancinta, Ka haskaka shi. Ciwon da ta ɗauka a ɓoye da wanda ya kwantar da ita a ƙarshe, Ka sa su zama kaffara. Ranar awo, Ka nauyaya ma'auninta na alheri, kamar yadda ta zauna tana ƙara wa bayinka cokali bayan cokali har suka miƙe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta uku da jikokinta, da 'yan'uwanta na kusa da na nesa, da mata sittin da biyun nan waɗanda ban san sunansu ba, ba na kuma neman sani. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya albarkaci abin da ta bari, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.